Tabkin Madarumfa, Takardar Ramsar da Garkata



Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe wa wani dattijo alƙalami a ɗaya daga cikin garuruwan da suka kewaye tabkin Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi. Ni nake rubuta masa wasiƙa, ni nake karanta masa wadda ta zo, kuma a wurina ake ajiye takardun sulhu idan an raba gardamar gona ko ta gado. Karatuna na allo ne da na zaure. Da ajami na fara rubutu, boko kuwa sai da na yi aure na koye shi a ajin dare, Faransancina kuma bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Na faɗi wannan tun da farko domin kada wani ya ɗauka masanin dokokin duniya ne yake magana. Magatakarda ne kawai, wanda wata takarda da aka rubuta a ƙasar Iran ta biyo shi har cikin garkarsa.

A farkon shekarar 2020 magana ta bazu a kasuwa cewa an sayar da tabki. Wasu suka ce Turawa ne suka saya saboda tsuntsayensu, wasu suka ce za a kewaye shi da waya a hana su da noman rani, har aka sami mai rantsuwa cewa ya ga motar masu awo da idonsa. Ranar nan bayan la'asar Baba ya sa aka kira ni. Na same shi bisa buzunsa, carbi a hannu, fuska a ɗaure.

Ya ce, "Malam, an ce an sa tabkinmu a littafin duniya. Wa ya sa shi, kuma nawa aka karɓa?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ma a kasuwa na ji."

Ya ce, "Kasuwa ba ta da hatimi. Je ka nemo mini maganar mai hatimi."

Ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a jami'ar Maraɗi a lokacin, shi ya fid da ni kunya. Ya nemo yarjejeniyar a wayarsa, muka yi dare uku a zaurena, yana fassarawa ina rubutawa da ajami, idan ya kawo wata kalma mai nauyi in ce ya sauke ta ƙasa yadda masunci zai gane. Ga abin da na fita da shi. A ranar 2 ga Fabrairun 1971 wakilan wasu ƙasashe suka taru a wani gari mai suna Ramsar, a bakin tekun Kasbiyan cikin ƙasar Iran, suka amince da wata yarjejeniya ta kiyaye wurare masu dausayi: tabkuna, fadamu, koguna, ruwa mai tsayawa da mai gudu, na dindindin da mai ƙafewa da rani, har da bakin teku inda zurfi bai wuce mita 6 ba idan ruwa ya janye. Ta fara aiki a 1975. Yau ƙasashe fiye da 170 suna cikinta, ofishinta yana wani gari mai suna Gilan a ƙasar Suwizalan, kuma duk bayan shekara uku ana babban taro. Na yi murmushi da ya ambaci 1971, domin a shekarar mahaifiyata ta ce aka haife ni. Ashe sa'ata ce.

Nijar ta shiga a 1987, a ƙarshen zamanin Janar Seyni Kunce. Sharaɗin shiga shi ne ƙasa ta miƙa aƙalla wuri ɗaya a rubuta shi cikin jerin wuraren da duniya ta damu da su, sai Nijar ta miƙa gandun dajin W, wanda muke tarayya a kansa da Benin da Burkina Faso. Daga nan aka yi shiru shekara goma sha huɗu. A 2001 aka ƙara ɓangarenmu na tabkin Cadi da Kokoru da Namga da wani yanki na kogin Kwara. A 2004 Dallol Boso da Dallol Mawuri suka shiga. A 2005 aka sa tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi da Lasuri, tare da ruwayen duwatsun Ayar da dausayin Kawar can cikin hamada. Mu da Gidimuni ta ƙasar Damagaram mu ne auta, a watan Disamban 2019 aka rubuta mu, jimla ta zama wurare 14. Abin da aka rubuta mana ya ɗan haura hekta 500.

Abu biyu na kai wa Baba da safe. Na farko, ba a sayar da kome ba. Yarjejeniyar da kanta ta bayyana cewa rubuta wuri a jerin ba ya rage wa ƙasa ikonta a kansa, kuma ba ta hana su ko noma ko kiwo. Abin da take nema shi ne a ci amfanin wurin da hankali, yadda na baya za su tarar da shi yana da rai. Na biyu, kuma wannan shi ne bai yi wa jama'a daɗi ba, babu wani buhun kuɗi da ke biyo bayan rubutawa, hasali ma ƙasa ce take biyan nata kason na shekara. Babu kotu, babu tara, babu soja. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka a gaban ƴan uwanta cewa za ta kula, kuma idan wurin ya fara lalacewa za ta faɗa. Baba ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ashe amana ce aka ɗauka da sunanmu ba mu nan." Ban sami abin da zan ƙara a kai ba.

Amma ni abin bai zo mini baƙo ba, domin na taɓa karanta irinsa a zaure. Duk wanda ya kai babin raya matacciyar ƙasa a littattafan fiƙihun Malikiyya ya san cewa rijiya da kogi da gari kowanne yana da hariminsa, wato filin da ke kewaye da shi wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya domin kada a cuci masu amfani da shi. Daga nan Hausa ta samo kalmar hurumi. Ya kuma san hima, filin da shugaba yake keɓewa saboda maslahar jama'a, kamar yadda aka keɓe Naƙi'u a kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda a kan hanyoyin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Saboda haka idan yaro ya ce mini kiyaye tabki dabarar Nasara ce, nakan ce masa ya koma makaranta. Nasara dai sun rubuta tasu da lamba da taswira, mu kuwa mun bar tamu a cikin gafaka.

Tabkin da na sani ina yaro ba wannan ba ne. Idan damina ta yi kyau, Gulbin Gabi ya kawo ruwa, na Maraɗi ya taimaka, sai ka tsaya a wannan gaɓa ka kasa gane mutumin da ke waccan. Bado ya rufe gefe, mata suna tonon tushensa idan hatsi ya yi wuya. Masunta suna fitowa da karfasa da tarwaɗa da kurungu, idan ruwa ya ja baya kuma yara su tono gaiwa daga cikin busasshen laka. Da sanyin hunturu tsuntsaye sukan sauka har su yi duhu a kan ruwa: ƙirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela, da wasu ƙananan agwagi waɗanda ba ma ganinsu sai a wannan lokaci. Wani maharbi ya taɓa kawo wa malaminmu zoben ƙarfe da ya ciro daga ƙafar ɗaya daga cikinsu, da rubutun boko a jiki, yana tsoron ko asiri ne. Sai bayan shekara arba'in na gane cewa a Turai aka sa mata shi, kuma cewa irin waɗannan tsuntsaye masu ƙetare hamada su ne asalin abin da ya tara mutanen Ramsar, har sunansu yana cikin cikakken sunan yarjejeniyar. Tsuntsun da ya yi ƙwai a wata ƙasa ya ci rani a wata, kiyaye shi ba aikin ƙasa ɗaya ba ne.

Sa'an nan ga kaburburan waliyyai casa'in da tara da ake faɗa suna kewaye da tabkin, waɗanda tun 2006 Nijar ta sa su tare da tabkin da gandun daji a jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta karɓa. Malamai sun saɓa a kan ziyararsu, kuma ba wannan ne zaman da za a warware saɓanin ba. Abin da idona ya gani dai shi ne, inda duk aka ce ga kabari, gatari yakan ji nauyin itacen da ke wurin.

Abin da yake cin tabkin ba ɓoyayye ba ne. Tun farin 1984 aka yi ta sare itatuwan tudu don itacen wuta da sababbin gonaki. Ƙasar da ba ta da saiwa ba ta riƙe kanta, saboda haka kowace damina koramu suna kwaso rairayi su zuba a cikin tabki. Tabkin da ya cike da rairayi yakan bazu ya yi faɗi ba zurfi, rana ta shanye shi da wuri. Idan ya ja baya sai ya bar ƙasa baƙa mai laushi wadda duk manomi zai yi sha'awa, sai a kafa shinge a kai, a kawo injin ban ruwa, a zuba taki da maganin ƙwari, ruwan sama ya wanke su zuwa inda kifi yake. Masunta kuma, da kifi ya ragu, wasu suka koma su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako.

A nan ne nawa laifin ya shigo. A shekarar yunwar 2005 rumbuna ya ƙare tun kafin watan bakwai, ina da ƴaƴa shida. Da rani ya shigo na bi sahun wasu na kafa shinge a wani fili da ruwa ya janye daga kansa. Ba wanda ya hana ni, kuma ban tambayi kowa ba, ni da na san hukuncin harimi. Na dasa zogale, na yi albasa da tumatir da rogo. Garkar nan ita ta ciyar da gidana, ita ta yi wa ƴata ta fari kayan ɗaki, ita ta biya kuɗin magani lokacin da mahaifiyata take jinya. Kowace shekara kuma idan ruwa ya ƙara ja baya, shinge yakan ƙara bin sa da taki ɗaya ko biyu. Ban taɓa kiran wannan sata ba. Cewa nake yi Allah ne ya buɗa.

Shekara biyu bayan an rubuta tabkin, wata rana da dare shanu suka faɗa garkar maƙwabcina. Aka yi faɗa, aka fasa wa wani yaro makiyayi kai. Da gari ya waye Arɗo ya zo zauren Baba da mutanensa, bai ɗaga murya ba. Ya ce kakansa ya shayar da shanu a wannan mashaya, ubansa ya shayar, yau kuma daga burtali zuwa ruwa babu inda saniya za ta sa ƙafa sai ta taka albasar wani. Ya ce, "Baba, a gaya mini inda zan bi, ko a gaya mini in daina zuwa."

Baba ya juyo gare ni. "Malam, wanda ka gada ya taɓa rubuta iyakar mashayar nan a zamanin mahaifina. Duba adaka."

Na duba, na kuwa same ta, takarda ce ta ajami wadda ta yi ja don tsufa, da sunayen shaidu bakwai, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ta ce mashaya ta taso daga tsohuwar kanya, ta bi ta gefen kabari, ta faɗa ruwa duk inda ruwa yake, faɗinta kuma igiya kaza. Duk inda ruwa yake. Marigayin ya san tabki yana tafiya yana dawowa, shi ya sa ya ɗaure iyakar da ruwan kansa. Ban bukaci igiya ba kafin in san cewa kusan sulusin garkata yana ciki.

Zan faɗi gaskiya, domin ba ni da amfanin rubutun nan idan na ɓoye ta. Kwana biyu takardar tana ƙarƙashin matashina. Mabuɗin adaka a hannuna yake, gara kuma ta ci takardu da yawa a cikinta, da na ce ta haɗa da wannan ba mai ƙaryata ni. A dare na biyu uwargidana ta lura ba na barci, na gaya mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, zogalen nan shi ne kayan ɗakin Auta. Amma kai ka san abin da ka karanta, ni ban karanta ba." Ta juya ta kwanta. Ba ta sauƙaƙa mini ba ko kaɗan.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka zagaya da igiya, da Arɗo da Sarkin Ruwa da limami da mutanen gari. Garka goma sha ɗaya ta shiga. Aka dawo gindin kanya, Baba ya ce in karanta sunayen. Nawa ne na huɗu. Da na kai kansa muryata ta ɗan sarƙe, wani daga baya ya yi dariya, Baba ya ɗaga ido, dariyar ta mutu.

A nan ne na ga amfanin takardar Ramsar, kuma ba inda na zata ba. Wani matashi cikin masu garka ya miƙe ya ce wannan tsohon rubutu ne na mutanen da suka mutu, ba hatimin hukuma a kai, shi ba zai tashi ba. Baba ya ce in karanta abin da muka fassara. Na karanta cewa ƙasarmu ta yi alkawari a gaban duniya za ta kiyaye wannan tabki da abin da ke rayuwa da shi, na ƙara da cewa tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta amince wa makiyaya da haƙƙin kai dabbobinsu ga ruwa. Baba ya ce, "Ka ce shaida ɗaya ta tsufa. To ga ta biyu, daga Iran ta zo. A shari'a shaidu biyu ake nema." Na lura tun daga ranar cewa samarin da ba su ganin girman ajami suna jin nauyin allon da aka kafa a bakin hanya, tsofaffin da ba su yarda da allon ba kuma suna jin nauyin ajami. Kowace ita kaɗai da ba ta ɗaga shinge ko ɗaya ba.

Ba zan yi wa yarjejeniyar ƙarya ba, ba zan kuma yi mata kara ba. An zo mana da taro sau biyu, an ci abinci, an raba kuɗin zama, an ɗauki hoto, an ce za a dawo da tsarin kula da tabki da dashen itatuwa a bakin koramu. Mun rubuta wasiƙa uku muna tuni, ni na rubuta su da hannuna, har yau ba amsa. Wanda aka ce ya ja shingensa ba a ba shi ko dala ba. Mutum takwas muka ja namu bayan an cire albasa, biyu suka yi ta jinkiri har aka gaji, ɗaya ya kai ƙara gaban kwamitin filaye, maganar tana can. Na sare zogalena da kaina don kada in ga wani yana sarewa. Bikin Auta sai da aka ɗaga shi shekara guda.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin igiyarmu. Ruwan da ke cika tabkin nan ba a ƙasarmu yake tasowa ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, inda ake kiransa Gada, ya shigo Nijar ya yi baka, ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai madatsar ruwa a kansa a Jibiya, kuma duk manomin gulbi ya san lokacin zuwan ruwa da yawansa sun sauya. Ban ce mutanen Jibiya sun ci haƙƙinmu ba; su ma noman rani suke yi da shi, kuma ƴan uwanmu ne na jini, domin sarautar Maraɗi kanta ta Katsinawa ce. Abin da nake cewa shi ne akwai takardu a kan wannan ma. A watan Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan raba ruwan koguna huɗu da suke tarayya a kansu, Gada da Gulbin Maraɗi yana ciki. Najeriya kuma ta shiga Ramsar a 2001, da tabkin Nguru ta fara, yarjejeniyar kuwa ta wajabta wa maƙwabtan da ruwa ya haɗa su riƙa shawara da juna. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, motoci suka yi layi, amma gulbi bai tsaya nuna wa kowa takarda ba. A wannan zamani da jama'a suke duban kowace yarjejeniya da ƙasashen waje da ido ɗaya, kuma suna da dalilansu, ni dai wannan ba na son a yage ta. Wanda yake zaune a ƙasan ruwa shi ya fi kowa bukatar takardar da ta ce na sama ya saurare shi.

Bana da rani na tsaya a bakin sabon shingena na ga shanun Arɗo suna gangarowa ta inda zogalena yake a da. Yaron da aka fasa wa kai shi ne a gaba, ya girma, tabon yana nan. Ya gaishe ni, na amsa. Da na waiwaya sai na ga maƙwabcina ya soma turo shingensa waje, bai fi kamu ɗaya ba, irin turawar da na san ta sarai.

Baba yanzu ba ya fita sai an riƙa shi. Makon jiya ya sa na kwafe tsohuwar takardar sau uku, da ajami da boko, na haɗa kowace da shafin da muka fassara. Ɗaya tana wurin Arɗo, ɗaya wurin limami. Ta ukun ya ce kada a mayar da ita adakata, a kai wa Sarkin Ruwa. Ban tambaye shi dalili ba. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a sake zagayawa da igiya, kuma ni aka ce in riƙe bakinta daga gindin kanya.